Don Eleuterio Ya Ƙi Sauka

Sun riga sun ɗora shi kan kujera za su sauko da shi, sai Don Eleuterio ya damƙe ƙyauren ƙofa da hannu biyu. Mutumin da ko cokali ya fara gagararsa.

"Baba, saki mana," in ji ɗansa Renato. "Motar asibiti tana ƙasa tana jira."

"Ta jira har ta tsufa."

Ina tsaye a ƙofata da kwandon wanki. Bangon kwano ɗaya ne ya raba gidajenmu a tudun nan na birnin Valparaíso, don haka tun sanyin bara nake jin tarinsa. Ciwon daji ne ya cinye masa huhu, bayan ya ƙarar da ƙarfinsa wajen dako a tashar jiragen ruwa.

Sai ga 'yata Griselda ta hawo matakala tana haki. Ma'aikaciyar jinya ce, amma ta baro babban asibiti ta koma bi gida-gida tana kula da waɗanda likita ya sallama su jira ajali a gida. Abin yana ci mini rai. In ta wuce kantin burodi, mata sukan yi alamar gicciye.

"Renato, me za a yi masa a can?" in ji Griselda.

"A sa masa injin numfashi! A yi wani abu!"

"Za a yi. Za a ɗaure masa hannu don kada ya fizge tiyon, kai kuma a bar ka a bayan gilashi. Ni na sha ɗaure irin hannayen nan." Ta durƙusa gaban tsohon. "Don Eleuterio, me kake so?"

"Gadona. A buɗe taga."

Renato ya dube ta sama da ƙasa. "Ungulu," ya ce, ya sauka abinsa.

Daga ranar ni take kira in taya ta juya shi. Bayansa duk ya ɗaye, warin ɗakin ya kama gashina. Takan ɗiga masa maganin zafi a ƙarƙashin harshe, ta jiƙa auduga ta shafa masa leɓe.

"Yarinya, kar ki yi mini ƙaryar likitoci. Zai yi zafi?"

"Ba zan bari ba. Amma maƙogwaronka zai yi ƙara."

"Uwarki ta saba. Ai ta ƙi aurena ne saboda minshari."

"Tsohon banza," na ce. Dariyar da ya yi ta kawo jini a kan matashi.

Muna wanke zanin gado na ce mata, "Da karatunki, wannan kika zaɓa?"

"Mama, a asibiti ina jin ƙararrawa in ruga, in dawo in tarar wani ya cika shi kaɗai, fuskarsa a bango. Nan aƙalla ina zaune."

Ranar Talata da hantsi numfashin ya canja. Griselda ta buga wa Renato waya, bai ɗauka ba. Tsohon ya buɗe ido a firgice yana yaƙushin iska kamar mai nutsewa. Na ja da baya har bango. Griselda ta hau gadon ta jingina shi a ƙirjinta, ta ƙara masa magani, tana ce masa a kunne, "Ina nan, ina nan." Ya ɗauki lokaci. Ba mutuwa mai sauƙi ba ce, kuma ba ta sake shi ba.

Sai bayan azahar Renato ya shigo da kayan aikinsa a jiki. Ya tsaya bakin gado.

"Ya neme ni?"

"Bai iya magana ba," in ji Griselda. "Mama, kawo ruwan ɗumi."

Ta kaɗa kumfa a kofi ta shafa wa gawar a kumatu, sannan ta miƙa wa Renato reza. Ya fara yi wa uban aski, har ya yanke shi a gefen baki. Jini bai fito ba. Ta tallabo masa haɓar, shi kuma ya ci gaba, yana ɗauraye rezar a kwano, farin gashi na yawo a kan ruwan.