Kunnen Oga Luke

Wata huɗu ke nan Izzuddeen da Fortune suna musu a kan motocinsu, kuma duk a garejin Oga Luke da ke Tirwun ake yin musun, kamar duk faɗin Bauchi babu wata inuwa sai ta bishiyar dogon yaron ƙofar garejinsa.

Motar Izzuddeen baƙa ce, ƙirar Amurka, mai silinda takwas da faffaɗan gaba. In aka tayar da ita sai kajin unguwa sun watse. Ɓauna yake ce mata. Ta Fortune kuwa 'yar Japan ce, ja, ƙofa biyu, silinda huɗu da turbo, ga ta ƙasa-ƙasa har sai an bi da ita a karkace kafin ta haye tudun rage gudu. Ita ce Barewa. Izzuddeen magungunan dabbobi yake sayarwa, Fortune kuma ma'aikacin safiyo ne. Tun sakandare suke abota, kuma tun sakandare ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba.

"Ƙarfi fa ba a ɓoye shi," in ji Izzuddeen, yana bubbuga bonet ɗin Ɓauna. "Ka ba ni miƙaƙƙiyar hanya kilomita biyu kawai, wallahi sai dai ka hango hayaƙina."

"Hayaƙi kam kana da shi," Fortune ya ce. "Ka cika tanki a Wunti, kafin ka kai Yelwa allurar mai ta sunkuya. Ga nauyi kamar tifa. Ka shiga kwana da gudu mu ga yadda za ta yi ta wutsil-wutsil da baya. Tawa kuwa in na juya sitiyari ta riga ta juya."

"Kwana! Kullum kwana! Mota ce ko keken ɗinki?"

"Kafin taka ta gama gurnani na sa giya ta uku."

Haka suke yi, yau da gobe, har masu gyaran babur na maƙwabta suka rabu gida biyu. Luke dai murmushi yake yi yana goge hannu da tsumma. Suna ɗauka dattaku ne ya hana shi sa baki. Ina! Rabin abin da suke faɗa ba ya jin sa.

Shekara talatin da ɗaya Luke yana makanikanci, kuma ba da hannu ya yi suna ba, da kunne ne. Mutane daga Gombe da Azare suke kawo mota don kawai ya saurara. Ya tsaya, ya ɗan karkata kai, ya ce a taka totur, ya ce a saki, sai ya faɗi ciwon tun kafin a kwance noti ɗaya. To, tun bara kunnen hagu ya mutu murus. Na dama kuma wani zuuu yake yi ba dare ba rana, sai in an matso an ɗaga murya yake kama magana. Likita ya ce ƙarar inji ce ta shekaru, ya ba shi shawarar sa na'urar ji. Luke ya ƙi. Makanike mai kunne da na'ura maƙale a kunne? Gara a ce ya mutu. Sai ya koyi kallon baki, ya koyi juya gefen dama ga mai magana, ya koyi ɗora tafin hannu a kan inji. Hannu na gane babban ciwo. Ƙaramin ƙas-ƙas ɗin da ke fara faɗa maka inji zai buga kuwa, wannan sai kunne.

Ranar wata Juma'a da la'asar, abokan nan suka gaji da fatar baki.

"Gobe da safe," in ji Fortune. "Hanyar Jos, bayan Miri, inda ta miƙe sannan ta yi kwana biyu. Kowa ya samu abin da yake so."

"Na yarda. Amma da sharaɗi," Izzuddeen ya ce. "Sai Oga Luke ya saurari kowace, ya ce lafiyarta lau. Kada wani ya sha ƙasa ya dawo yana cewa fulogi ne."

Luke ya ajiye tsummansa. Ya ce haba, ku da girmanku, tsere a kan titin gwamnati? Ya ce akwai masu babur, akwai shanu. Suka ce da sassafe ne, kuma sau ɗaya tak. Suka buɗe bonet biyu suka tsaya suna kallonsa, masu gyaran babur ma suka bar aikinsu suka matso.

Ya fara da Barewa. Ya karkata kai yadda ya saba, ya ɗora hannu, ya ce a taka, ya ce a saki. Abin da ya iso masa bai wuce wani gunji daga nesa ba, kamar injin niƙa a wata unguwa. Ya ce, "Lafiyarta lau." Ya koma kan Ɓauna. Ita kam ya ji ta a ƙirji da tafin ƙafa, har haƙoransa. Ya daɗe a sunkuye. Ya ɗago ya ce, "Ita ma." Aka yi tafi, shi kuwa ji ya yi kamar ya yi sata a coci.

A gida ya kasa zama. Ya zauna a kujera, ya tashi, ya leƙa waje, ya dawo. Matarsa Matta, ita kaɗai ce ta san zancen kunnen, ta ajiye masa tuwo ta zagayo ta gefen damansa.

"Baban Patience, me ka yi?"

Ya faɗa mata. Ta riƙe haɓa ta ce, "Tabɗi! Ka ji su, ko ba ka ji ba?"

"Na taɓa su."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Matta, in na faɗa, wa zai sake kawo min mota? Kwance noti kowa ya iya. Kunnen nan ne kaɗai abin da nake da shi."

"Yaran nan suna da iyaye," ta ce, ta tura masa kwanon gabansa. Ko loma uku bai yi ba.

Da gari ya waye Izzuddeen ya zo ɗaukarsa, wai shi ne alƙalin tseren, dole ya tafi a babbar mota. Fortune ya riga ya wuce. Luke ya shiga gaba, sai da ya rufe ƙofa ya tuna masifar zama a nan: direba na hagunsa, daidai mataccen kunnen. Suka ratsa gari. An yi ruwa da asuba, kwalta na sheƙi. Izzuddeen na ta zuba, Luke na gyaɗa kai yana cewa "haka ne" a duk inda ya ga bakin ya tsaya.

Da suka fita gari Izzuddeen ya ɗan taka. Ɓauna ta zabura, bayan Luke ya manne da kujera. Kai, mota ce! Ko a cikin tashin hankalin nan sai da ya yaba mata a ransa. Barewa ta fi ta wayo, amma wannan turi daga ƙasa, ba tare da ko canza giya ba, ƙaramin inji ba ya yin sa.

Sai ya ga Izzuddeen ya sassauta ƙafa. Ya ga ya karkata kai wajen sitiyari. Ya sake takawa, ya sake saki. Luke ya san wannan karkata kan, ai nasa ne. Ya juyo gaba ɗaya ya zuba wa bakin saurayin ido.

"Oga, ka ji?"

Luke ya kasa kunne da duk ƙarfinsa. Zuuu kawai.

"Wata 'yar ƙara ce, in na saki totur," in ji Izzuddeen. Sai ya yi dariya ya ɗaga kafaɗa. "Ƙila tsoron Fortune ne ya kama ni. Ai ka saurare ta jiya. In ka ce ba komai, ba komai ne."

Kalma biyu ce kawai, har ta zo masa kan harshe. Ya dubi titi. Ga wani a babur ya ɗauko mata biyu da fartanya za su gona. Ga wani da buhun taki a bayansa. Ya san abin da inji irin wannan ke yi in ya buga ana tsakiyar gudu: ƙafafun baya su ƙame, mota ta juya gindi, kuma kwalta a jiƙe take.

"Rage gudu," ya ce. "A hankali za mu ƙarasa."

Suka tarar da Fortune a gefen hanya bayan Miri, ya jingina da Barewa yana duba agogo, tare da wasu abokai biyar da suka zo kallo. Luke ya fita. Ya tsaya a gabansu.

"Ba za a yi tseren nan ba," ya ce.

Aka yi caa. Ya ga bakuna na motsi ta ko'ina, bai san wanda zai kalla ba. Ya ɗaga hannu.

"Izzuddeen ya ji ƙara a motarsa. Ni ban ji ba. Ba na ji. Shekara guda ke nan wannan kunnen ya mutu, wannan kuma saura kaɗan." Ya taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Muryarsa ta fita da ƙarfi fiye da yadda ya so. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaron gareji.

Bakunan suka tsaya. Izzuddeen ya tambaya da hannu, wanne ne mai sauran? Luke ya nuna na dama. Saurayin ya matso, ya kai baki daf da kunnen, ya kwaikwayi ƙarar: "Ƙat-ƙat-ƙat-ƙat."

"In ka taka, ko in ka saki?"

"In na saki."

"Tana ƙaruwa da inji ya yi zafi?"

"Ƙwarai."

"Daga sama ko daga ƙasa?"

"Ƙasa, Oga."

"Metal ɗin ƙasan inji ne ya fara ci," in ji Luke. "Kada ka sake tayar da ita. A nemo mota ta ja ta. Da ka kai ta ɗari da tamanin yau, da sai dai wani labarin."

Izzuddeen ya dafa bonet ɗin Ɓauna, ya yi salati a hankali. Abokan suka koma gefe suna ƙus-ƙus, wani har ya ciro waya. Luke ya gani, ya san kafin azahar labarin ya kai Tirwun.

Sai Fortune ya matso. Ya zagayo ta gefen dama, yana jujjuya makullin Barewa a yatsa. Ba faɗa a fuskarsa, da ma faɗan ne da ya fi sauƙi.

"Oga Luke," ya ce da ƙarfi, a rarrabe. "Wata shida da suka wuce na kawo maka motar mamana. Ka ce lafiyarta lau. Da ita take zuwa Bogoro duk sati, ita kaɗai."

Luke ya dube shi. Ya tuna motar, ya tuna ranar, ya tuna yadda ya karkata kai.

"Kira ta," ya ce. "Ka ce kada ta fita da motar. Ita ma ban ji ta ba."