Muryar Almu a Kwamfutar Lubna

Wata huɗu da kwana goma Iya Talatu ta yi tana takabar mijinta Almu, kwamfutar jikarta Lubna na naɗe cikin zane a ƙasan adaka. A ciki akwai bidiyon da Lubna ta ɗauki tsohon kafin ya kwanta ciwo, yana lissafa kakanninsa goma sha ɗaya, tun daga waɗanda suka baro Sakkwato da ƙafa suka zauna nan gabas cikin Larabawa. Dangi sun roƙa a tura masu a waya, Iya ta hana.

"Ba a yawo da muryar mamaci gida-gida tun matatai ba ta saurara ba. Sai na fita takaba."

Ranar da ta fita, aka kunna. Ga Almu a bakin kogi, baki na motsi, ba sauti. Lubna ta taɓa nan ta taɓa can, ta gaji ta kira kamfanin. Kwana uku na'ura na ce mata da Larabci danna ɗaya, danna biyu. Da mutum ya ɗauka, ya ce manhajar sauti ce ta lalace, ta mai da kwamfutar yadda ta fito daga masana'anta. Bai tambayi abin da ke ciki ba. Lubna ta bi umarni. Sauti ya dawo, bidiyo ya tafi.

Washegari Iya ta hau mota zuwa birnin Rusairis, inda ofishin kamfanin yake, Lubna na biye da ita tana share hawaye. Ta dire kwamfutar gaban wakilin kamfanin, wani mai suna Jibo.

"Kai, ɗan nan, ina mijina?"

"Ya Hajja, malesh, yi haƙuri. Ai sauti na aiki, ji." Ya danna, abin ya yi ƙara.

"Kukan ƙarfe na zo ji? Ko mai gyaran ƙwarya tambaya shi kai ko da nono ciki!"

Jibo ya duba, ya sake dubawa, ya girgiza kai. "Ba ku tura wa kowa ba? Ko waya ɗaya?"

Lubna ta sunkuyar da kai. Iya ta buɗe baki za ta zage shi, sai ta tuna ita ce ta hana. Ta ɗauki kayanta.

A gida, bayan la'asar, ta gyara lulluɓi ta zauna a kan tabarmar Almu, ta sa Lubna ta saita kwamfutar ta ɗauke ta.

"Kunna. Shekara arba'in da shida ina jin sunayen nan, ni ka faɗi. In na gama ki tura ma kowa."

Ta fara: Almu ɗan Audi, Audi ɗan Sa'idu, Sa'idu ɗan Bilyaminu. Ta kai na bakwai ta tsaya. Ta koma farko, ta sake tsayawa a nan.

"Iya, in kashe?"

"Bar shi. Yana zuwa."

Har aka kira magariba bai zo ba.