Siracen Maƙwabci

Mai dashe ya durƙusa a gindin bishiyar farko, ya shafa reshenta da ya koma kamar tsinken tsintsiya, ya girgiza kai.

"Ranki ya daɗe, ba laifin ƙasa ba ne, ba na ruwa ba. Tsige su ake yi."

Matar gidan, wadda tela ce, ta riƙe haɓa. Ita ta kira shi ya duba 'yan bishiyoyin fayin, masu ganye siriri kamar allura, da ta saya a wurinsa ta jera a jikin katanga. Ba don ado ta dasa su ba. A tsakar gida take ɗinki, a nan suke cin abinci, ga kuma barandar maƙwabci a bisa kansu. Kullum sai mutumin ya fito da singileti, ya yi kaki tun daga can cikin hanji, ya juya abin a baki kamar mai ɗanɗanon gishiri, sannan ya tofo. An yi masa magana har baki ya gaji. Burinta kawai bishiyoyin su tashi su rufe mata shi, amma shekaru sun shuɗe ko kafaɗarta ba su kai ba.

"Da ganyen nan bishiyoyin ke samun abincinsu," in ji mai dashe. "Irin wannan ba ta saurin mayar da abin da aka cire mata. Ga shi har kan an datse. Tsawo kam sai dai haƙuri, in ma za ta yi."

Bayan ta raka shi ƙofa, wani wari ya ja ta kicin. Ta tarar da mijinta, wanda ko ruwan zafi bai taɓa dafa mata ba tana kwance, tsaye yana juya koren ruwa da ludayi.

"Baban yara, mene ne wannan a tukunyar miyata?"

"Sirace ne, na maƙwabci. Bawan Allah, ƙirjinsa ya cushe. Tun tuni nake haɗa masa in kin fita sayen yadi." Har da murmushinsa. "Ya ce bai taɓa samun abin da ke fito masa da majina kamar ganyen bishiyoyin nan naki ba."

"A cikin tukunyar yake sa kai?"

"To a ina? Ya lulluɓa da tawul, ya yi ta tari. Ai ina ɗaurayewa."

Ta tuna a tukunyar nan ta dafa miyar jiya. Ƙyama ta kama ta, ta rasa wa ya fi ba ta haushi, mai tofin ko likitansa.

"Haƙƙin maƙwabtaka ne fa," in ji shi. "Ganye ne kawai."

Ta ja keken ɗinkinta zuwa ɗaki, duk da duhunsa. Da rana ta zuba wa maigida abincinsa, ta kai daidai ƙarƙashin barandar, ta ajiye a buɗe.

"Bismillah," ta ce. "Ka ci kusa da majinyacinka."

Ta tattara yaranta suka shige ɗaki, ta sa sakata.