Bijimin da Ya Fi Ƙarfin Zaure

Zinariya, matar babban yayana Malam Muntaka, ba ta iya yin abu kaɗan ba. In ta dama kunu sai unguwa ta sha, in ta yi faɗa sai unguwa ta ji. Don haka ranar da ta ce za ta turke sa, ni Safina na san za a sha kallo.

Ɗan maraƙi ta sayo a kasuwar Shuwarin da kuɗin gyaɗarta, ramamme, ana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Ta zauren Yaya Malam aka shigo da shi, ko gefen ƙofa bai goga ba. Aka kafa masa turke bayan ɗakin girki, hidima ta kankama: dusa da safe, harawa da rana, kanwa a ruwan sha, ga wanka da sabulu. Yaya Malam ya ce da shi ake yi wa rabin wannan gata da tuni ya ajiye tumbi.

Ta ce, "Malam, kai in ka yi ƙiba wa zai saya?"

Babbar Sallar bara farashi bai yi mata ba, ta ƙi sayarwa, ta ƙara masa shekara. Bana kuwa dole ta sayar, don 'yarta Munira ta samu gurbin karatun ungozoma a Dutse, kuma kuɗin makarantar kaf suna jikin wannan sa. Musaddiq dillali ya zo ya zagaya shi, ya dafa tozo, ya yi salati.

"Hajiya, manyan motocin kudu sun cika kara, neman irinsa suke kamar hauka. Wannan zai haura miliyan. Amma fa kasuwar gobe ce ta ƙarshe kafin Sallah. In ta wuce, farashi zai faɗi, dusa kuma ba za ta sauko ba. Shi da kansa zai cinye ribarsa."

Aka kwance igiya, aka nufi zaure da shi. Ƙaho na dama ya daki bango, na hagu ya daki bango. Aka karkata masa kai, tozo ya tokare sama. Musaddiq na ja, maƙwabta na turawa, sa na huci. Shekara biyu muna yaba girmansa, ba wanda ya taɓa waiwayar ƙofa, har da ni mai bakin magana.

Wani ya ce a fasa zaure. Yaya Malam ya miƙe tsaye. Mahaifinmu, Baffa, shi ya gina zauren nan da hannunsa, a ciki ya karantar har Allah Ya karɓi abinsa.

"Sai dai ku fara fasa ni," in ji shi.

Wani ya ce a rage ƙahon. Musaddiq ya dafe kai, ya ce ƙahon ne rabin kuɗin, da shi masu saye ke ɗaukar hoto. Can sai ga Hussaini mahauci, wanda labari ba ya wuce shi, yana murmushi. Ya ce shi zai taimaka, ya yanka a nan cikin gida, amma rabin kuɗi zai biya, tunda san da ba ya fita ai nama ne kawai. Da muciya Zinariya ta raka shi har waje. Da ta dawo sai ta zauna a gindin turke ta yi shiru, Munira na gefenta tana matsar hawaye. Ban taɓa ganin Zinariya ta yi shiru ba, tausayinta ya kama ni.

Na ce, "Yaya Malam, ga hanya can." Na nuna katangar gabas.

Bayan katangar nan gidan ɗaya yayana ne, Yaya Ɗan'inna, manomi, mai faffaɗar ƙofa da amalanke ke shiga. Da gida ɗaya ne. Bayan rasuwar Baffa akuyar Yaya Ɗan'inna ta cinye zogalen Yaya Malam, magana ta jawo magana, aka tono har abin da ya faru suna yara, aka wayi gari katanga ta raba tsakar gida biyu. Shi Yaya Malam ya san haramun ne gaba ta wuce kwana uku, don haka kullum yana yi wa ƙanensa sallama, irin wadda ake yi wa mai karɓar haraji. Ni kuwa in na zo ganin gida sai in ci tuwo sau biyu, kar wani ya ce na fi son wani. Na gaji da wannan ƙoshi.

Yaya Malam ya dubi katanga, ya dubi zaure, ya dubi Munira. Ya gyara hula, ya sake gyarawa. Sannan ya taka har gindin katangar ya yi gyaran murya.

"Ɗan'inna."

"Na'am, Yaya," aka amsa nan take, kamar mutum na jingine da bangon. Ashe kuwa yana jingine.

"Wata 'yar larura ce ta taso."

"Tun ɗazu nake jin larurar tana huci, Yaya. Na kwashe awaki, na janye amalanke, ga diga a hannuna. Jira nake ka yi magana. Ku matsa."

Kafin la'asar katanga ta zama ƙofa. Sa ya ratsa ta tsakar gidan Yaya Ɗan'inna yana taƙama, ya tsaya ya cinye rabin zogalen da ke bakin rijiya. Yaya Ɗan'inna ya dubi yayansa, ya ce, "To, an biya." Yaya Malam ya so ya daure, dariya ta ƙwace masa har hularsa ta faɗi.

Washegari aka sayar da sa a kara. Kuɗin bai kai bakin dillali ba, dama bakin dillali ba a kai shi. Da aka cire na dusa da harawa da la'ada, abin da ya rage ya biya makarantar Munira, ya kuma sayo wani ramammen maraƙin. Zinariya ta ware na magini, ta ce ita ta jawo ɓarna, ita za ta gyara. Yaya Malam ya ce a bari sai bayan Sallah. Bayan Sallah Yaya Ɗan'inna ya ce ai ba a gini da damina.

Da kaka na je gida, na tarar an shimfiɗa tabarma daidai inda aka fasa, su biyun suna cin tuwon dawa a akushi ɗaya, yadda suke yi a gaban Baffa. Na tsaya ina kallonsu, hawaye ya zubo mini, ban kuma ɓoye ba. Zinariya ta fito da kwanon dusa, ta ce, "Malam, magini fa ya sake aikowa, yaushe zai zo?"

Yaya Malam bai ɗago ba. Ya tura wa ƙanensa tsokar da ke cikin miya, ya nuna maraƙin da haɓa.

"Ki ce masa ya haƙura. Wannan ma girma zai yi."