Wurin Gwajin da Miiro Ya Zaɓa wa Uwarsa

Da ni aka yi komai, don haka kada wani ya ce mini wataƙila ban fahimta ba. Ni na ɗauko Nabbosa daga Masaka, na riƙe mata jaka har Kampala, gidan ɗanta Miiro da ke Kireka. Nabbosa matar yayana ce, marigayi. Tun ranar da aka kawo ta gidanmu amarya muke faɗa muna shiryawa, har gashinmu ya yi fari tare. 'Ya'yanta kuwa Ssenga suke ce mini, ƙanwar uba, kuma sun san bakina ba shi da linzami.

'Yarta Nankya tana Amurka. Aikin jinya ne ya kai ta, ciwon daji ya kwantar da ita. A maƙogwaro ya kama ta, magana ta ɗauke, sai dai ta rubuta saƙo a waya, Nabbosa kuwa ba ta karatu. Likitocin can sun ce sun gama nasu. Abu ɗaya Nankya ta roƙa, a kawo mata uwarta ta gan ta. Tun tana da sauran ƙarfi ta yi takardun, aka ba tsohuwa biza, aka ba Miiro don ya raka ta, shi kuma ya san yadda ya yi ya cusa matarsa Prossy da 'ya'yansu a tafiyar. Saura gwajin korona kawai, wanda in babu takardarsa ko ƙofar filin jirgin Entebbe ba ka wucewa.

A lokacin, wuraren gwaji na kuɗi sun cika gari kamar masu gasa masara. Kuma ko ɗan acaba ya san iri biyu ne. Akwai masu zura maka tsinke a hanci su sa a na'ura, abin da na'ura ta faɗa shi ke nan. Akwai kuma waɗanda ke bayan shagon magani, ka tura musu hoton fasfo, kafin ka gama shan shayi takardarka ta iso fes, da hatimi da komai, ba wanda ya ko kalli hancinka.

Muna zaune a falo ana cin matoke da miyar gyaɗa Miiro ya buɗe zancen, yana shafa waya.

"Maama, na bincika duk garin nan. Ke dai wurin da ya fi kowanne zan kai ki. Can kan tudu, inda jakadu ke zuwa."

"Ni da za a tsikari hancina, ina ruwana da jakadu?" in ji Nabbosa. Amma na ga daɗin ya ratsa ta, har da gyara ɗankwali.

Na ce, "Kai yaro, uwarka fa ba ta daɗe da tashi daga zazzaɓin nan na korona ba. Ni na yi mata sirace da ganye har ta miƙe. Ba za a samu matsala ba?"

"Haba Ssenga, wadda ta warke ai ta warke. Ba ga shi har gona tana zuwa ba?"

"To ku ina za ku yi naku?"

"Mu wurin aikinmu sun shirya mana," ya ce. Prossy ta tashi kwashe kwanuka, alhali ban gama ci ba.

Washegari Nabbosa ta sa gomesinta, doguwar rigarmu ta mata, mai ruwan goro, wadda ta ajiye don manyan bukukuwa. Wurin kuwa ya amsa sunansa: ƙofar gilas mai buɗe kanta, sanyi kamar cikin randa, 'yan mata cikin fararen kaya suna magana ƙasa-ƙasa. Da aka zura mata tsinken sai ta damƙe hannun yarinyar da ke yi mata gwajin.

"Ke 'yar nan, ƙwaƙwalwata kike nema? Ai da kin faɗa, na baro ta a Masaka."

Duk aka yi dariya, ta yi ta atishawa hawaye na zuba, tana dariya ita ma. A hanya ta sa muka tsaya kasuwa ta sayi gyaɗa da busasshen kifi, wai ko Nankya ba ta iya haɗiya, ƙamshin miyar gida kaɗai zai yi mata amfani. Ban taɓa ganin ta da farin ciki irin na ranar ba.

Sakamakon ya zo wayar Miiro washegari da hantsi. Ya shigo tsakar gida da takunkumi har biyu a fuska, ya tsaya can nesa, ya dafe kai.

"Maama, an same ki da ita."

"Da wa?"

"Da cutar. Ba za su bar ki ki hau jirgi ba."

Nabbosa ta dube ni, ta dube shi. Ta buga ƙirjinta da tafin hannu, ta ja numfashi mai tsawo don ya ji babu tari, ta ce ya taɓa goshinta. Bai matso ba. Sai ta yi abin da har in mutu ba zan yafe masa ba da ya tsaya yana kallo: ta durƙusa a gabansa, gwiwa biyu a kan siminti. Uwa, a gaban ɗan da ta goya.

"Miiro, ɗana, ka kai ni ɗaya wurin. Wanda ba sa taɓa hanci. Kowa yana zuwa, har matar limamin cocinmu can ta yi."

"Maama, ki tashi, maƙwabta suna gani. So kike a kama ki a Entebbe, a nuna ki a talabijin da tsufanki? Mu gidan masu tsoron Allah ne."

"A kama ni bayan na dawo. Ni dai in gan ta."

Ya sassauta murya, kamar mai lallashin yaro.

"To na ji. In kai ki, ki je ki rungume Nankya, wadda ko mura ba za ta iya ɗauka ba. Ki ƙarasa ta da hannunki. Haka kike so?"

Nabbosa ta tashi da kanta, ba ta yarda na kama ta ba, ta ja tabarma can gindin ayaba a bayan gida ta zauna.

Ni kuwa zuciyata tana tafasa na shiga kicin neman ruwa. Sai a lokacin idona ya buɗe. Babu firij, sai sawunsa a ƙasa. Murhun gas babu, a kan gawayi aka dafa abincin jiya. Na tuna ban ga motar Miiro ba tun zuwanmu. Da na leƙa falo, Prossy tana durƙushe tana cusa hotunan aurenta cikin akwati, har da na bango. Wa ke zuwa dubiya da hotunan bango?

Na ce, "Ke, nuna mini hancinki."

"Ssenga, lafiya?"

"A ina aka tsikare ku?"

Ta ci gaba da ninke kaya. Can ta yi 'yar dariya, irin ta wanda ya riga ya haye.

"Ba wanda ya tsikare mu. Hoton fasfo muka tura."

"Ita kuma kuka kai ta wurin na'ura."

"Wani abokinsa likita ne ya ce wanda bai daɗe da warkewa ba, na'ura takan ci gaba da ganin ɓurɓushin abin, ko da ba ya shafa wa kowa. Muka ce bari mu gwada sa'a." Ta ɗago ta kalle ni ido cikin ido. "Ssenga, mu yi maganar manya. In ta je, wa zai dawo da ita? Tsohuwar da ko sunanta ba ta iya karantawa a jikin tikiti, dole sai an rako ta. Mu kuwa in mun shiga mun shiga ke nan. Ko so kike Miiro ya dawo ya ci gaba da lasar takalmin mutane a garin nan saboda ita?"

Na zage ta, na zagi wanda ya haife ta, na ce yanzun nan zan sa a rubuta wa Nankya komai.

"Rubuta mata," ta ce, tana jan zip. "Ki gaya wa mai jiran mutuwa abin da wanta ya yi. Sai ta tafi da shi a ciki, ke kuma ki samu lada."

Tsinanniyar ta san inda za ta soke ni. Na fita bayan gida da gudu-gudu, na tsuguna kusa da Nabbosa, ta ja jiki baya tana rufe baki da gefen zane.

"Kada ki matso, Mulamu," ta ce, yadda ake kiran ƙanwar miji a wurinmu.

"Rabu da ni. Tashi mu tafi, na san shagon, yana bayan tashar mota. Kafin la'asar takardarki tana hannu."

Na kwashe duk abin da Prossy ta faɗa na gaya mata, ban rage ko ɗaya ba. Ta saurara har na gama, idonta a ƙasa.

"Ke dama tun yana yaro ba kya ƙaunarsa," ta ce.

"Nabbosa, sun sayar da firij!"

"Na'urar ma Prossy ce ta saye ta? Ba ke kika ga wurin ba? Wurin jakadu ne. In babu abin a jikina, me ya sa suka gan shi?"

"Ɓurɓushi ne, ba ya kama kowa."

"Ke likita ce? In kuma ya kama ta fa? In na je da ƙafata na kashe 'yata, ke za ki ɗauke mini?"

Na yi rantsuwa, na yi kuka, na ja hannunta har gomesin ya yage a kafaɗa, ba ta motsa ba. Maganar ɗanta ta riga ta shige ta, ta zauna daram, kuma ya san za ta zauna tun kafin ya faɗe ta. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, don ba wanda ya san inda uwa take da taushi kamar ɗanta.

Da motar haya ta zo ɗaukarsu, jikokinta suka nufo ta da gudu, ta daka musu tsawa su tsaya can. Daga nesa ta sa musu albarka. Ta tura ƙullin gyaɗa da kifin da sanda zuwa ƙafar Miiro, ya ce ba a shiga jirgi da irin wannan, ya tsallake shi. Ya yi mata alkawari da zarar na'ura ta wanke ta zai turo wanda zai rako ta. Ni bai ko dube ni ba. Kafin rana ta faɗi mai gidan hayar ya zo da kwaɗo, ashe har gidan sun saki, muka kwashi jakunkunanmu muka koma Masaka.

Daga nan sai jira. Ta keɓe kwanonta da kofinta, ta daina zuwa coci. Mun koma gwaji a garinmu, na'ura ta sake cewa akwai. Kullum sai ta sa na kira Miiro, in ya ga dama ya ɗauka, ya ce Nankya tana barci, ko likita yana ciki, ko ta gaji. Ta ce a kara wa Nankya wayar a kunne kawai ta ji muryar uwarta, ya ce an hana. Da aka sake gwaji daga baya takardar ta fito fes, Nabbosa ta sa aka naɗe ta a leda, ta sa a ƙirji tana yawo da ita. Mai rakiya dai har yau yana hanya.

Ranar da ya kira da kansa muna bakin murhu muna ɓare wake. Ganin sunansa kawai na san ko mene ne. Na buɗe muryar wayar na ajiye a tsakaninmu. Ya ce Nankya ta rasu, ya yi 'yar shesshekarsa, ya shiga bayanin wahalar kawo gawa da yadda za a binne ta can.

Nabbosa ba ta yi ihu ba. Ta matso da bakinta kusa da wayar.

"Ta neme ni?"

"Ta nema, Maama. Ranar da muka isa ta yi ta kallon ƙofa. Ta rubuta a takarda, ina Maama."

"Ka gaya mata cutar ce ta hana ni? Ka gaya mata na sa kaya, na je har Kampala?"

"A'a, ina zan ɗaga mata hankali da zancen kina da korona, tana cikin wannan hali? Cewa na yi kin ji tsoron jirgi, kin fasa."

Waken da ke cinyarta ya zube ƙasa. Na buɗe baki zan yi magana, ta ɗaga mini hannu.

"Miiro," ta ce, a hankali. "Ta yarda?"

"Ta yarda mana. Ta juya fuska bango. Ba ta sake tambayarki ba."