Unguwar da Aka Ce Ta Jira

Aikina ƙirga matattu ne. Yayata ce ta raɗa masa wannan suna, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Akwai wata mota da ke zagaya unguwanni tana ɗaukar hoton maman mata, don a kama cutar kansa tun tana ƙarama. Mu a ofis namu shi ne mu auna ko tana rage mutuwa. Motar ɗaya ce tal, sai aka raba unguwanni gida biyu: rabi ta je musu, rabi su jira, mu kwatanta. Kwamfuta ce ta jefa ƙuri'ar. Unguwar Yaya ta faɗa cikin masu jira.

Da Yaya ta ji ƙullutu a hammata, cewa ta yi maruru ne, ta yi ta shafa man zafi. Ranar da na ja ta asibiti da ƙyar, likita ya dubi hoton, ya dube ni, ya hau gyara biron aljihunsa.

A ofis kuwa Oga duk ya rame. An yi shekaru ana aiki, bambancin mace-mace tsakanin gidajen biyu ya fito, amma bai kai layin da hukuma ta ja ba. In bai kai ba kafin ƙarshen shekara, za a jingine motar ta yi tsatsa.

"Saura ƙiris fa," in ji shi, yana ƙwanƙwasa gilashin kwamfutata da farce. "Mutum ɗaya ko biyu a ɓangaren masu jira, shi ke nan."

Sai ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya yi istigfari. Bai san da Yaya ba. Ban gaya wa kowa ba, to in ce me?

Kullum in na tashi aiki ina gefen gadonta, ina ɓare mata lemon da ba ta iya sha.

"Ke Auta, in na tafi, wane gida za ki sa ni a kwamfutar taki?"

"Haba Yaya, don Allah bari."

"Ki dai sa ni inda zan yi amfani. Kuma kar ki kuskura ki ƙara min shekaru."

Ta rasu a watan ƙarshe na shekara.

Sunaye ba sa zuwa mana, sai shekaru da unguwa. Da sababbin bayanai suka iso na gan ta, arba'in da bakwai, ba a ƙara mata ko ɗaya ba. Na danna lissafi. Bambancin ya tsallake layin.

Oga ya buga tebur, ya aika aka sayo lemon kwalba. Aka miƙo min, na shanye. Wallahi ban ji komai ba, sai sanyi a haƙori.

Yanzu motar ta fara zuwa wa masu jira. A ƙofar gidan Yaya take fakawa, don nan ne ke da inuwa. Mijinta ke fito wa matan da bencinta su zauna.