Ran Karusa

Hanif ya kawo kwamfuta shagona a Dei-Dei ranar Asabar da hantsi. Ɗana ne na uku. Yana aiki a wani kamfani a Wuse, suna haɗa wasan yaƙin mutanen zamanin da, irin wanda ake bugawa a kwamfuta. Ya zauna a kan buhun siminti.

"Baba, duba min wannan."

Na duba. Dawaki biyu na jan keke mai taya biyu, mutum biyu a tsaye a kai. Ya ce karusa ake ce masa. Akwai koren layi a samansu. Maharba na harbi, layin na raguwa, dawakin na gudu kamar ba abin da ya same su. Da layin ya ƙare, duk suka zube tare.

"Layin nan fa?"

"Ransu ne."

"Ran wa? Dokin, ko mai korar, ko katakon?"

"Duka, Baba. Rai ɗaya muka ba su."

"Katako ba shi da rai."

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ya ce ogansa ma ya ƙi abin. Ya ba shi zuwa Litinin ya gyara yadda karusa ke lalacewa, in ba haka ba a miƙa wa wani aikin. Wata bakwai yana kansa.

Shekara ashirin na yi ina korar amalanken shanu kafin tireloli su cika kasuwar nan. Na faɗa masa abin da na sani. Amalanke ba ya mutuwa kaɗan-kaɗan. Ƙusar da ke riƙe taya ce ke karyewa, tayar ta fice, gefen ya caki ƙasa. Dabbar da ta ji ciwo ba ta tsayawa, fizga take, ta ja ɗayar gefe. Yana ta rubutawa, fuskarsa ta saki.

"To mutumin da ke kai fa? Gaba yake faɗuwa ko baya?"

Na juya na shiga ƙirga buhunan siminti.

"Umma ta ce kana wurin ranar da amalanke ya kife da Baffa Surajo."

Marigayi Surajo ƙanena ne. Ni na duba ƙusar da safiyar ranar. Na ga ta lanƙwashe, na ce za ta kai mu yamma. Ba wanda ya san wannan, har uwar Hanif.

Ya fito da wayarsa, ya danna wurin ɗaukar murya.

"Minti biyu kawai, Baba. Yadda ya faɗi, da inda tayar ta bi. Ba zan sa sunansa ba. Wallahi in na samu wannan, aikina ya tsira."

Wani mai saye ya leƙo yana tambayar rodi, na ce ya dawo an jima. Hanif ya matso da wayar kusa da bakina.

"Kashe abin nan," na ce. "Ba zan faɗa ba."